Dalziel da Sunayen Itatuwanmu: Aikin da Ya Tsaya a Bakin Kurmi

A kan duwatsun arewacin Nijeriya, daga Zamfara har Adamawa, akwai wata bishiya da ba ta ɓuya ga mai lura. Ɓawonta fari-fari ne, yana saɓulewa falle-falle. Da rani takan zubar da ganyenta ƙaf, sannan ta fitar da ƙananan furanni farare a kan rassa tsirara. In aka sare ta, wani ƙaro mai ƙamshi ke tsattsafowa, wanda ake turara ɗaki da tufafi da shi, masu magani kuma suna dafa sassaƙenta. Bahaushe na ce mata hano, wasu su ce ararraɓi. Masana kimiyya kuwa tun 1910 suke kiranta Boswellia dalzielii, wato da sunan wani likita, John M. Dalziel. Ɗaliban ilimin tsirrai da na haɗa magunguna a jami'o'inmu suna rubuta wannan suna a kundayensu shekara da shekaru, amma kaɗan ne daga cikinsu za su iya faɗin ko wane ne mutumin, balle yadda ya yi aikinsa.

Abin da nake son kafawa a wannan maƙala shi ne, darajar Dalziel ba a yawan ganyen da ya tara take ba. Tana cikin hukuncin da ya yanke cewa sunan da manomi da maharbi da mai magani suka ba tsiro ilimi ne, wanda ya cancanci a rubuta shi kusa da sunan kimiyya. Sai dai da Hausa ya yi tambayoyinsa, Hausa kuwa tana da iyakar inda saninta na daji ya kai, kuma babu inda wannan iyaka ta fi fitowa fili kamar Kafanchan da kewayenta. Mu da muka gaji littattafansa mun riƙe sakamakon mun saki hanyar da aka bi aka same shi.

An haifi Dalziel a 1872 a Nagpur ta ƙasar Indiya, iyayensa 'yan Sikotilan ne. Ya karanci likitanci a Jami'ar Edinbara, ya gama a 1895, ya tafi kudancin ƙasar Sin a matsayin likitan mishan a yankin Swatow, inda ya zauna har 1902. Can ya soma tattara tsirrai. A 1905, shekara biyu kacal bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato, ya shiga aikin likita na gwamnatin mulkin mallaka a Afirka ta Yamma. Takardun da ke manne da samfuransa suna nuna inda aiki ya kai shi: Zungeru, Kwantagora, Sakkwato, Katagum, Yola, Abinsi a bakin Binuwai, daga baya Legas da Gwalkwas, Ghana ta yau. Ya ajiye aiki a 1922, ya koma lambun binciken tsirrai na Kew da ke Landan, ya rasu a 1948.

Ba shi ne ya fara tsinkar ganye a ƙasar nan da sunan kimiyya ba. Walter Oudney, shi ma likita daga Edinbara, ya rasu a Murmur kusa da Katagum a 1824 a kan hanyarsa ta zuwa Kano tare da Clapperton. Masanin tsirrai Robert Brown ne ya duba tsirran da aka tara a wannan tafiya, kuma a rahotonsa na 1826 ya raɗa wa dangin ɗorawa suna Parkia don tunawa da Mungo Park. Theodor Vogel ya biyo ayarin Kwara na 1841, bai ga ƙarshen shekarar ba. Charles Barter ya zo da ayarin Baikie a 1857, jirginsu ya farfashe kusa da Jebba, ya ci gaba da tara tsirrai a ƙasar Nupe har ya rasu a Raba a 1859. Sunayen Vogel da Barter na nan a jikin majimfa, Tephrosia vogelii, da wani nau'in faru, Lannea barteri. Jarumai ne a aikinsu, amma matafiya ne, kuma cuta ta yanke musu hanzari kafin su zauna da ƙasar.

Zama kuwa shi ne komai a wannan fanni. Itatuwanmu da yawa ba sa nuna fure da ganye a lokaci ɗaya: fure da rani, ganye da damina, 'ya'ya a wani watan dabam. Masanin da ke Kew ba zai iya tantance bishiya da ganye kaɗai ba, sai da fure ko 'ya'ya, saboda haka dole mai tarawa ya san bishiyar, ya komo gindinta bayan wata huɗu ko biyar. Sai ya yanko reshe, ya shimfiɗa shi tsakanin takardu, ya danne da katako biyu, ya ɗaure tam. Kullum sai an canza takardun da suka sha danshi, in ba haka ba, musamman a watan Agusta, samfurin ya yi funfuna ya ruɓe. In ya bushe a ba shi lamba, a rubuta wuri da rana da launin furen tun yana ɗanye, domin bushewa na ɓatar da launi. Dalziel ya samu shekarun yin wannan, ya kuma samu abin da ya fi shekaru: ya ji Hausa, kuma aikinsa na likita ya sa kullum yana tare da mutanen da suka riga suka sha jiƙo ko tsimi kafin su iso gare shi. Likitan da ke son sanin abin da majinyacinsa ya sha dole ya tambayi sunan saiwar, kuma matambayi ba ya ɓata.

Daga nan hanyarsa ta samo asali. Suna, samfur, amfani: duwatsun murhu uku ne, in aka zare ɗaya tukunya ta kife. Suna ba tare da samfur ba jita-jita ne, domin ba mai iya tabbatar da wace bishiya ake nufi. Samfur ba suna busasshen ganye ne a kabad a Ingila, ba ya amfanar kowa a Katagum. Amfanin da ba a ɗaure shi da takamaiman tsiro ba kuwa haɗari ne, tunda a daji ɗaya ake samun maɗaci da gwaska, kuma sassaƙen gwaska kisa yake yi. A 1916 ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary, ɗan littafi mai shafi ɗari da 'yan kai, wanda ya jera sunayen tsirrai na Hausa, kowanne da sunansa na kimiyya da bayanin abin da ake yi da shi. Bayan ya koma Kew ya haɗa hannu da John Hutchinson suka rubuta Flora of West Tropical Africa, wanda ya fito kashi-kashi daga 1927 zuwa 1936. A 1937 kuma ya fitar da The Useful Plants of West Tropical Africa, mai shafi fiye da 600, wanda a takarda an kira shi rataye ga wancan babban aiki, amma a hannun likitoci da malaman daji da malaman gona shi ya zama uwa.

A wannan zamanin ne ma wasu kalmomin Hausa suka shiga harshen kimiyya suka zauna. Doka, bishiyar da ta mamaye dazuzzukan ƙasar Zazzau, sunanta a duniya Isoberlinia doka. Iburu, ɗan'uwan acha, Otto Stapf na Kew ya bayyana shi a 1915 da sunan Digitaria iburua. Wannan shaida ce cewa manoman da ke bambanta iburu da acha sun riga masana ganin jinsi biyu ne, masanan suka zo suka tabbatar.

Akwai mai cewa duk wannan aikin mulkin mallaka ne, ƙidayar dukiyar ƙasar da aka ci da yaƙi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma ban ga amfanin kauce mata ba. Ofishin da ke kula da cinikin ƙasashen mallakar Ingila ne ya buga littafin 1937. Kew ta daɗe tana neman abin da zai shiga jirgi: roba, ƙaro, man kaɗe, zare, rini. Dogo ya isa Kano a 1911, gyaɗa ta biyo shi zuwa teku. Amma wanda ya zauna ya karanta Dalziel zai ga mafi yawan abin da ya rubuta ba ya da kasuwa a Liverpool. Ya rubuta ganyen da ake ci in rumbu ya ƙare, da saiwar da ake jiƙa wa mai jego, da itacen da ake yin ƙotar fartanya da shi, da abin da yara ke wasa da shi, har da camfin da ke tattare da wasu bishiyoyi. Wanda ya san yunwar da ta auka wa ƙasar Hausa a 1913 zuwa 1914 ya san sanin abincin daji ba ƙaramin ilimi ba ne. A ganina mutumin ya zarce aikin da aka ɗauke shi ya yi, kuma abin da ya zarce da shi ɗin shi ne ya fi amfanar mu.

Laifin da ba zan wanke shi daga gare shi ba wani ne dabam. A takardar samfur akwai gurbin sunan mai tarawa, da lamba, da wuri, da rana. Babu gurbin wanda ya nuna bishiyar. Wanzamai da ungozomai da maharba da Fulani makiyaya da suka buɗe masa cikinsu sun narke cikin kalmomi irin su “mutanen ƙasar”. Hano ta tafi da sunan likita, ba da sunan tsohon da ya kai shi gindinta ba. Kuma ba a kan fili fetal ya yi gini ba: tun kafin zuwan Turawa malaman Daular Sakkwato suna rubutu a kan magani, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya bar risaloli a fannin, ciki har da wadda ta shafi filasko. Al'adar zamaninsa ce ta shafe sunaye, amma bayyana dalili ba ya mayar da abin da aka rasa.

Yanzu mu gangaro kudancin Kaduna, inda na fi son a tsaya. Iskar damina da ke tasowa daga kudu maso yamma takan ci karo da gangaren tsaunin Jos da duwatsun Kagoro, ta hau, ta yi sanyi, ta juye ruwanta. Shi ya sa ruwan da Kafanchan ke samu a shekara yakan haura milimita 1,500, kusan ninki biyu na abin da Kano ta saba samu. A kan tudu doka ce da kawo da maje da ƙirya kamar sauran ƙasar Zazzau, amma a kwaruruka da bakin rafuka akwai kurame masu duhu, inda loko da kwakwar manja da tukurwa da atili da kimba ke tsaye, igiyoyin daji sun nannaɗe su. Guntayen dajin kudu ne a tsakiyar arewa. Masanin daji E. W. Jones ya yi nazari na musamman a kan irin waɗannan kurame na arewacin Nijeriya, aka buga a 1963. Wanda ya shiga gandun dajin Kagoro da Nindam ya ga abin da ake nufi: taku kaɗan daga gonar dawa sai rana ta ɓace.

Lokacin da littafin 1916 ya fito, Kafanchan ta tasha ba ta ma kafu ba. Sai a 1927 ta zama mahaɗar dogo, kuma sai a 1933 aka dawo da fadar Jama'a daga Daroro zuwa cikinta. Abin da mai karatu a Ingila ya sani game da wannan yanki a lokacin ya fi fitowa daga alƙalamin A. J. N. Tremearne, wanda ya yi aiki a Jama'a, ya kuma fitar da littafi a 1912 wanda sunansa kaɗai cin mutunci ne ga mutanen Kagoro. Shi ya zo kallon mutane ne a matsayin abin mamaki. Da a ce wani mai irin kunnen Dalziel ne ya zauna shekara biyar a gindin dutsen nan yana tambaya da Gworok, harshen mutanen wurin, da yau muna da wani littafi dabam a hannu.

Ga inda gizo ke saƙar. Hausa ta yi girma ne a ƙasar ƙaya da kuka da gawo da aduwa, kuma a can kalmominta na daji suke da zurfi. Da ta gangaro kudu tare da fatake da 'yan koli da malamai, sai ta riƙa kiran baƙin bishiyoyi da sunan waɗanda ta baro a gida. Ta ga wata doguwar bishiya a bakin ruwa mai ganye kamar na kaɗanya ta ce kaɗanyar rafi, alhali ba su haɗa dangi ba: wannan dangin gahawa ce. Ta ga wata mai 'ya'ya masu tsami ta ce tsamiyar kurmi. Haka dokar rafi, haka namijin kaɗe. Sunaye ne masu kyau, kuma suna nuna idon mai lura, amma idon baƙo ne. Abin da ya shigo kasuwa, kamar atili da kimba da masoro, ya samu suna nasa na kansa. Abin da ya tsaya cikin kurmi, ƙananan tsirran inuwa da igiyoyi da naman kaza iri-iri, sai a ce ciyawa, ko igiya, ko a yi shiru. Waɗanda ke da sunan kowanne daki-daki su ne masu Tyap da Jju da Hyam da Gworok da Fantswam da Nikyob da Gyong da Adara da Ninzo da sauransu, waɗanda kakanninsu suka rayu da kurmin.

Tsawon wannan zama ba zato ba ne. Masu binciken kayan tarihi na Jami'ar Frankfurt da suka yi tono a wuraren al'adun Nok sun sami ƙonannun ƙwayoyin gero da wake da ƙwallon atili, wato mutanen yankin suna cin atili tun fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Har yau yarinya a Kwoi ko Zonkwa ta san abin da littafi ba ya koya wa mutum a hannu: atili ba a tafasa shi. Ruwan ɗumi ake zuba masa, a rufe, a bar shi ya yi laushi har naman ya saki ƙwallon ya yi maiƙo a yatsa. In ruwan ya yi zafi da yawa sai ya ƙandare, ba ya ƙara nuna. Sanin ma'aunin ɗumin nan, da sanin wace bishiya ce 'ya'yanta suka fi mai, da wadda ke riga sauran nuna, duk ilimin tsirrai ne, kuma da harshen gida ake riƙe da shi.

Haka abin yake ga amfanin gona. Kimiyya ta tattara acha duka a ƙarƙashin suna ɗaya, Digitaria exilis. Manomi kuwa ya san iri-iri: mai saurin nuna da ke fitar da gida daga yunwar tsakiyar damina kafin dawa ta iso, da mai jinkiri da ya fi auki, da wanda ya fi daɗin fate, da wanda ya fi sauƙin surfe. Rizga mai 'ya'ya kamar yatsu, da tumuku, da tamba, da gwaza, kowannensu da irinsa da sunan irin. Dalziel ya ambaci waɗannan amfanin gona duka, amma galibi a matakin jinsi ya tsaya, domin nan ne Hausar kasuwa ta tsaya. Bambancin da ke ƙasa da wannan mataki shi ne dukiyar da mai kyautata iri ke nema, kuma shi ne ba a rubuta ba.

Za a ce, to ai kowa a Kafanchan yana jin Hausa, da ita ake ciniki, da ita ake wa'azi a coci da masallaci, me zai hana a tambayi tsoho da Hausa ya ba da amsa? Ni da nake rubuta wannan da Hausa ba zan raina ta ba, ita ce gadar da ta haɗa mu. Amma tsohon da aka tambaya da Hausa zai ba da sunan da yake ganin mai tambaya zai gane. In tsirrai uku suna da suna uku a Jju, suna ɗaya a Hausa, amsa ɗaya za a samu, biyu su salwanta ba tare da kowa ya lura ba. Ko a cikin Hausar kanta matsalar na nan: baushe ya rufe bishiyoyi da dama na dangin Terminalia, faru ya rufe nau'o'in Lannea, ararraɓi kuma a wani gari hano ce, a wani garin wata bishiya ce dabam da ake dasawa a shinge. Sannan yaran da suka tashi a gari da Hausa da Turanci a baki, kalmomin daji ne farkon abin da ke zubewa daga harshen iyayensu, tun kafin gaisuwa da ƙirga.

Waɗanda suka biyo bayan Dalziel sun yi ƙoƙari. R. W. J. Keay da F. N. Hepper sun sabunta Flora tsakanin 1954 da 1972. H. M. Burkill ya sake gina littafin 1937 ya zama juzu'i 6, daga 1985 zuwa 2004. Z. O. Gbile na cibiyar binciken daji ta Ibadan ya fitar da jerin sunayen Hausa a 1980, Roger Blench kuma ya sake tace su, ya kuma yi aiki a kan harsunan tsakiyar Nijeriya da dama. Duk da haka, wanda ya buɗe Burkill zai ga Hausa da Fulatanci da Yarabanci da Ibo sun cika shafi, harsunan kudancin Kaduna kuwa sai an tona.

Abin da ya fi damuna ba giɓin ba ne, yadda muke amfani da abin da ke hannu ne. An saba ganin kundin bincike inda ɗalibi ya sayo ƙullin sassaƙe a kasuwa, mai sayarwa ya ce masa baushe ne, ya buɗe Dalziel ko Burkill ya kwafi sunan kimiyya na farko da ya gani, ya jiƙa, ya gwada a kan ɓeraye, ya buga sakamako. Bai ga bishiyar ba, bai ajiye samfur a ɗakin adana tsirrai ba, ba wanda zai iya maimaita gwajinsa. Ya ari sunan Dalziel ya yi abin da Dalziel ya ƙi yi. Mai haƙuri ya je Zariya ko Ibadan a tantance masa, amma ko shi sau da yawa ganye kaɗai yake kaiwa, ba fure ba 'ya'ya.

Lokaci kuma ba ya jira. Buhunan gawayi da ke jere a bakin hanya ƙirya ce da marke da doka. Madobiya ta sha sara don kasuwar Sin har aka sa ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta taƙaita cinikinsu a 2017. Gandun Nimbia da aka kafa a 1957 ya samar da katakon tik, amma tik baƙo ne daga Asiya, ƙarƙashinsa ba ya riƙe abin da kurmi ke riƙewa. Maganin feshi ya sauƙaƙa noma, ya kuma kashe lalo da karkashi da tafasa da ke fitowa da kansu a kunya, waɗanda mata ke tsinka don miya. Rashin tsaro ya raba mutane da dazuzzukan da suka saba shiga, kuma yaron da bai bi kakarsa daji ba ba zai gaji sunayen ba. Annobar da ta ruɓar da citta a 2023 a Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu ta nuna wani gefen: citta da saiwa ake dasa ta, kusan duk yankin ya dogara ga iri biyu, tafin giwa da yatsun biri, cuta ɗaya ta share gonaki. Gidan da ke da acha da rizga da tamba a gefe bai kwana da yunwa kamar wanda ya zuba komai a citta ba.

Abin yi a fili yake, kuma ba sai an jira Kew ba. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan mai tsangayar aikin gona, akwai Kwalejin Ilimi a Gidan Waya, kuma ɗalibansu 'ya'yan waɗannan harsuna ne. Wannan gata ce da Dalziel bai samu ba: shi koyon harshe ya yi, su da shi aka yi musu goyo. A tura kowane ɗalibi ƙauyensu, ya zauna da tsofaffin mata da maharba da masu magani da Fulanin da ke kiwo a gefen dajin, ya yi tambaya da harshensu, ya ɗauki muryarsu domin karin sauti na bambanta kalmomi a waɗannan harsuna kuma rubutu kan ɓatar da shi. Ya je gindin tsiron tare da mai bayani, ya ɗauko samfur mai fure da rani, ya komo da damina. A rubuta sunan gida tukuna, sannan na Hausa in akwai, sannan na kimiyya. Masu rubuta Tyap sun riga sun buɗe Wikipedia da harshensu a 2022, saboda haka batun cewa harsunan ba sa rubutuwa ya wuce.

A takardar kowane samfur kuma a buɗe gurbin da aka rasa a 1916: sunan wanda ya nuna, da garinsa, da yardarsa. Wannan ba ladabi kaɗai ba ne, haƙƙi ne. Mai magani na da dalilin riƙe sirrinsa, domin da shi yake ci, kuma ya ga yadda ake karɓa a tafi. Muna da misali a gida: maganin sikila na Niprisan, wanda cibiyar binciken magunguna ta Abuja ta haɗa a shekarun 1990 daga masoro da kanumfari da karan dafi da wani ɗan'uwan madobiya, daga hannun Rabaran Paul Ogunyale aka samo shi, aka yi yarjejeniya da shi, aka sa sunansa cikin masu haƙƙin mallaka. Kasuwancin maganin ya yi ta tangal-tangal daga baya, amma tsarin ya nuna ana iya yi, tun kafin yarjejeniyar Nagoya ta 2010 ta wajabta raba amfani da masu ilimin. Abin da mai shi ya ce kada a buga, a ajiye shi a rufe da sunansa.

Kayan aikin ba su wuce katako biyu da igiya da tsofaffin jaridu da wayar da ke aljihun kowane ɗalibi ba. Da yawa daga samfuran da Dalziel ya tara an ɗauki hotonsu an sa a intanet, ana iya gwada sabon samfur da su daga Kafanchan, a aika kwafi ɗaya Zariya, ɗaya Ibadan. Abin da ke da tsada shi ne kabad mai hana ƙwari da danshi, da albashin mutum ɗaya da zai kula da shi shekara bayan shekara, kuma wannan bai fi ƙarfin tsangayar aikin gona guda ba.